Ranar da Isha'aku Ya Canja wa Kwamfuta Kafili

Har yau idan mutum ya ce min ya san kan kwamfuta, sai na fara duba inda wayar wuta take na matsa kusa da ita. Isha'aku ne ya koya min haka, a unguwar Kurayyat ta Jidda, shekarar 1992, lokacin ina da shagon ɗinki a jikin ofishin Alhaji Abdulghaffar.

Isha'aku mutumin Damagaram ne, yana aiki a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu, can gefen Jidda. Aikinsa kai shayi ofis da goge tebura. Wata shida ya yi yana tsayuwa da tire a bayan wani injiniya ɗan Filifin yana leƙen allo, kuma da wannan ilimin ya dawo unguwa da sunan Muhandis, wato injiniya. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa, ya sayi biro uku ya jera a aljihun gaba.

Burinsa a duniya guda ne, Alhaji Abdulghaffar ya karɓi kafalarsa ya rabu da tire. Wanda bai zauna ƙasar nan ba sai na gaya masa, kafili shi ne wanda sunansa ke kan iƙamarka, takardar izinin zama. Idan ba ka da shi, ba ka da zama, sai dai jirgi.

Alhaji Bahaushen Sudan ne, ofishinsa na buga wa mutane takardu, na koke da na neman hutu da na sabunta iƙama. Sirrin rabin unguwa yana cikin injin nan. Mai bugawa shi ne Husaini, ɗan ƙanwar Alhaji, magidanci haihuwar Jidda. Yana jin Hausa sarai, amma idan zai mayar sai ta fito rabi Larabci, karanta ta a boko kuwa bai iya ba sam.

Kwamfutar wancan zamani ba hoto ba ado. Baƙin allo ne, da harafin C a gefe, da wani ɗan tsinke mai ƙifta ido yana jiran a rubuta masa umarni. Sunan takarda kuma ba ya wuce harafi takwas. Ranar Asabar ɗin da abin ya fara, Kassimu ɗan dako ya zo neman wata tsohuwar wasiƙarsa, Husaini yana ta buɗe KASSIMU1, KASSIMU2, har ya kai ta bakwai bai same ta ba. Alhaji yana tsaki, sai ga Isha'aku ya shigo ya leƙa ta bayan Husaini, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Alhaji, ba laifin Husaini ba ne. Kafilin injin ne ya tsufa."

"Ya zol, inji ma yana da kafili?" in ji Alhaji, da irin kiran mutanen Sudan.

"Ga shi nan yana ƙifta maka ido. Shi ke karɓar umarni ya kai ciki, inji ba ya motsi sai da izininsa. Sunansa Kwamanda. Marowaci ne, harafi takwas kawai yake bayarwa, ga mantuwa. Mu manyan injiniyoyi mun daɗe da canja shi. Sabon da muke aiki da shi, kowace takarda sai ka rubuta mata bayani a gefe, jimla guda, ka san ta wane ce ba sai ka buɗe ba."

"Ku da wa?" in ji Maman Lawali mai shayi, wanda ya shigo kwashe kofuna.

"Ni da abokin aikina ɗan Filifin."

"Wanda kake kai wa shayi?"

"Muna shan shayi tare, i."

Alhaji ya shafa gemu. "Idan ka gyara min wannan wahalar, in sha Allahu ranar Alhamis za mu duba maganar kafalarka."

Kowa a Jidda ya san abin da "in sha Allahu za mu duba" take nufi. Isha'aku shi kaɗai ya ji ta kamar an sa hannu an buga hatimi.

Ranar Lahadi ya dawo da faifai uku a naɗe cikin hankici. Ɗaya ya tsinta a kwandon sharar ɗan Filifin, biyu ya saya wurin wani mai tebur a kasuwar Haraj, wanda ya rantse masa duk kafilan inji ne. Ya shimfiɗa su a kan teburin Alhaji, muka kewaye shi, har da Hajja Zeinabou da ke suyar ƙosai a bakin layi ta leƙo ta taga.

"To wanne za a ɗauka?" in ji Alhaji.

"Zaɓen kafili ba a yin sa da gaggawa," in ji Isha'aku. Ya ɗauki na farko ya auna a tafin hannu. Ya ɗauki na biyu ya ja ɗan ƙarfen bakinsa ya leƙa ciki, yadda ake buɗe bakin rago a duba haƙora.

"Shekararsa nawa?" in ji Maman Lawali.

"Kai aikinka tafasa ruwa, ka bar ordinatar ga masu ita."

Na biyun aka fara sawa. Allo ya koma shuɗi, ya cika da akwatuna da rubutun wata ƙasa da ko Husaini bai taɓa gani ba. Isha'aku ya ce wannan girman kai gare shi, bai dace da ofishin Musulmi ba. Aka sa na uku, sai ga wani ɗan mutum yana tsalle yana cin ƙwallaye, ashe wasan yara aka sayar masa. Ya ce dama gwada mu yake yi ya ga ko muna lura. Saura na kwandon shara, wanda har da tabon shayi a jikinsa. Ya zaro wata takarda daga aljihu inda ya kwafi haruffan da ɗan Filifin ke dannawa, ya shiga bugawa da yatsa guda, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Abin haushi, ya yi aiki. Ina gefensa, na ga yadda shi kansa ya razana. Sannan ya gyara zaman birukansa ya ce, "Sa'e, shi ke nan. Ai dama shi na zaɓa tun a gida."

Husaini ya gwada, ya ga abin yana tuna umarnin da aka ba shi a baya, ga kuma wurin rubuta bayani a gefen kowace takarda. Ya ce wa kawunsa, "Wallahi kwayyis, ya Khali. Yana da kyau marra." Wannan yabon shi ya ƙarasa Isha'aku.

Da safiyar Litinin bai tsaya ko'ina ba sai ofishin mudir, shugaban masana'antarsu. Ya nemi takardar tanazul, wato ta sakin kafala. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai da ya ajiye tire a kan teburin mutumin, ya gaya masa cewa shekara huɗu ana ɓarnar injiniya a wurin nan, ya kuma ba shi shawarar ya rage sukari saboda tumbinsa. Mudir ya sa hannu ba musu, ya ce masa kwana bakwai, idan wani bai karɓe shi ba sai fita ƙasa. Isha'aku ya zo yana nuna mana takardar layi layi.

Na ce masa, "Muhandis, Alhaji ya sa hannu ne?"

"Malam Jabiru, kai ɗinki ka sani. Tsakanin manya magana ta isa."

Daga ranar ya tare a ofishin Alhaji. Ya fara da launi. Ya mai da rubutu ja a kan kore, har idon Husaini ya fara ruwa. Aka ce ya canja, ya canja zuwa baƙi a kan baƙi, aka yi awa biyu ana bugawa a makance, shi kuwa yana cewa tsaro ne, don kada abokan gaba su leƙa. Sannan ya sa injin ya riƙa yin ƙara duk sanda aka danna umarni. Ina shagona ina jin ƙit, ƙit, har na ɗinke hannun riga a wuya. Hajja Zeinabou ta aiko a tambaya ko ƙadangare ne ya maƙale a cikin akwatin.

Babban aikin shi ne rubuta bayani. Takardu sun fi ɗari uku, dukkansu da Larabci, Isha'aku kuwa Larabcinsa bai wuce na sayen burodi ba. Sai suka raba aiki. Husaini ya buɗe takarda ya gaya masa ta wane ce da abin da ke ciki, shi kuma ya rubuta bayani da Hausar boko. Husaini yana ganin haruffa suna jeruwa yana cewa masha Allah. Bai san cewa Muhandis ba ya tsayawa kan abin da aka gaya masa ba, sai ya ƙara da abin da shi ya sani game da mai takardar, da kuma ra'ayinsa.

Ranar Laraba bayan azahar ya kira ni da Maman Lawali mu zama shaidu. Ya ce yau zai sallami Kwamanda.

Husaini ya ɗaga hannu. "La, la, ya Muhandis. Khalli shi. Ba ya cin abinci, ba ya shan ruwa. Ka bar shi fi makanu."

"Inji ɗaya ba ya zama da kafili biyu."

"Bas kullum da safe shi ne yake buɗe ƙofa, ba'den shi yake kiran sabon."

"Ai ka ji matsalar. Sabo yana aiki, tsoho yana karɓar gaisuwa. An daina."

Husaini ya ce a ba shi minti ɗaya, ya sa wani faifai ya yi 'yan danne-danne ya zare ya jefa a aljihu. Isha'aku ya yi masa dariyar masu ƙaramin sani. Sannan ya nannaɗe hannun riga, ya rubuta umarnin gogewa, ya danna da ƙarfi ya ce, "Halas. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Injin ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce kada a kashe shi yau, a bar shi a kunne ya saba da sabon maigida. Ya kuma sa Husaini ya buga takardar karɓar kafalarsa ya ajiye a ciki, gobe a fitar a gaban jama'a Alhaji ya sa hannu.

Alhamis bayan la'asar ofishin ya cika. Isha'aku ya gayyaci duk wanda ya taɓa kawo takarda. Ya sa sabuwar riga da na ɗinka masa, biro sun zama huɗu. Maman Lawali ya kawo shayi, Hajja Zeinabou ta kawo ƙosai ta tsaya a bakin taga, Kassimu ya sami wuri a gaba, Na'ibi limamin masallacin layinmu aka ba shi kujera kusa da Alhaji.

Isha'aku ya yi jawabi. Ya ce a da mutum sai ya buɗe takarda bakwai kafin ya sami tasa, yanzu kuwa da dannawa ɗaya inji zai faɗi gaskiyar kowace takarda. Ya danna. Jerin sunaye ya sauko, kowanne da bayaninsa a gefe, farare tas a kan baƙin allo.

A nan ne abin ya tsinke masa. Duk kwanakin nan shi da Husaini kaɗai ke kallon allon, har ya saba da cewa ba mai iya karanta abin da ya rubuta. Ya manta Maman Lawali ya yi lakwal, makarantar boko, shekara shida a Maraɗi.

Maman Lawali ya ajiye buta, ya matso, ya kanne ido. "Bon, bari na taimaka wa waɗanda ke baya." Ya gyara murya. "Kassimu na uku. Neman hutun ciwon baya. Ƙarya ne, dako yake yi a Haraj."

Kassimu ya miƙe tsaye, ƙosai a hannu. "Wa ya rubuta wannan?"

"Inji ne," in ji Isha'aku. "Wani lokaci yana ƙara nasa."

"Injin ya gan ni a Haraj?"

"Zeinabou ta ɗaya," in ji Maman Lawali. "Sabunta iƙama. Ta rage shekara tara."

"Bakwai ne, munafuki," in ji Hajja daga taga, sannan ta ji abin da ta faɗa ta rufe baki da mayafi.

Ni ina ta dariya har da riƙe ciki, sai na ji an ce, "Jabiru tela. Koke kan mai gida. Rigar ƙaramar Sallah sai an yi layya." Dariyata ta tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau yana ɓaci, don rigar da ke jikinsa a lokacin kwana biyu na yi na gama masa ita.

Na'ibi ya ce, "Jama'a, wannan tonon asiri ne, a dakata." Maman Lawali ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ga taka ma, in tsallake?" Na'ibi ya ce ya tsallake da sauri.

Isha'aku ya kai hannu zai share allon, ya danna inda ba daidai ba, jerin ya gangara ƙasa ya tsaya a kan wasu layuka biyu. Ya yi ƙoƙarin tare su da jikinsa, Kassimu ya ɗauke shi gefe da hannu ɗaya, da bayan nan mai ciwo.

Alhaji ya ce, "Karanta, ya zol."

"Alhaji, a bar wannan."

"Na ce karanta."

"Alhaji na ɗaya. Wasiƙa zuwa Omdurman. Marowaci, ganyen shayi ɗaya kwana uku." Maman Lawali ya koma layi na biyu. "Ta ƙarshe kuma ta ce, karɓar kafalar Muhandis, mai shagon nan na gobe."

Isha'aku ya dubi Alhaji, ya dubi ƙofa, ya ga Kassimu ya cike ta. Sai ya yi abin da ya rage masa, ya duƙa ƙarƙashin tebur ya fizge wayar wuta. Allo ya mutu.

"Zafi ya yi," in ji shi daga ƙasa. "Idan inji ya yi zafi yana sambatu. Bari ya huce ku ga, duk wannan zai goge."

"Yalla, mayar," in ji Alhaji, a hankali.

Ya mayar. Injin ya yi gurnaninsa na kullum, ya yi ƙit, ya rubuta layi ɗaya da Turanci ya tsaya. Babu C, babu jeri. Isha'aku ya danna wannan ya danna wancan, ya bubbuga gefen akwatin, ya hura masa iska ta baya. Har biro ɗaya ya cire daga aljihu ya nuna wa allon, ban san dalili ba.

"Husaini, me ya ce?"

"Ya ce ma fi mai karɓar umarni, ya Khali. Ya tashi, ya nemi Kwamanda, bai gan shi ba. Sabon yana ciki, bas ba a rubuta sunansa a wurin da inji yake dubawa ba. Ya'ani yanzu ba shi da kowa."

Maman Lawali ya riƙe haɓa. "Tsaya in gane. Ka saki tsohon kafili tun sabon bai sa hannu ba?"

Isha'aku ya mayar da biron aljihu.

"Haba Muhandis," in ji Hajja Zeinabou. "Ko wanda ya sauka a jirgi jiya ya san ba a yin haka."

Ba wanda ya ambaci takardar tanazul, amma duk idanu suka koma kan aljihunsa, inda kanta ya leƙo a bayan birukan. A lokacin na ji tausayinsa, kaɗan, duk da maganar rigar Sallah.

Husaini ya tashi. Ya zaro faifan nan na jiya daga aljihu, wanda ashe ya kwafe Kwamanda a ciki, ya sa ya sake kunna injin. Minti biyu ba su cika ba sai ga C ya dawo da ɗan tsinkensa. Ya kira jerin takardu, suka sauko yadda aka san su, KASSIMU1, KASSIMU2, ba bayani ba sharhi. Na ji mutane sun sauke numfashi, na Na'ibi ya fi na kowa ƙarfi.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Wannan marowacin shi nake so. Harafi takwas, ya yi shiru da bakinsa. Husaini, ka fitar min da sabon, da duk abin da aka rubuta a gefe."

"Da takardar kafala, ya Khali?"

"Ita ka fara da ita. Ni ban shirya barin shagon nan gobe ba."

Jama'a suka fara watsewa. Kassimu ya fita yana dafe baya, ya tuna a makare. Hajja ta kwashe sauran ƙosanta, ta ce ba za ta ciyar da masu ƙidaya mata shekaru ba. Isha'aku ya tsaya a tsakiyar ofis, ya zaro takardar tanazul ya ƙirga da yatsu, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Gobe Juma'a ba aiki. Ranar Asabar dole ya je ya tsaya a gaban mutumin da ya yi wa maganar tumbi.

Ya matsa kusa da Husaini, wanda ke mayar da faifansa aljihu. Ya rage murya, amma ina bakin ƙofa na ji shi sarai.

"Ɗan'uwa, wannan dabarar da ka yi, ta ajiye tsohon a aljihu kafin a kore shi."

"Aiwa?"

"Ba ka da irin faifan nan na mudirinmu?"

Husaini ya dube shi, ya ɗauki tiren Maman Lawali da kofunan da aka sha, ya ɗora masa a hannu. Ya ce, "Wannan ne faifan. Ka riƙe da hannu biyu, kuma ka cire biro."